Tukwicin Manhaja Ba Ya Riƙe Mahayi a Kan Keke

A shekarar 2009 ne Michael Horvath da Mark Gainey suka kafa manhajar Strava a Amurka. Mahayin keke yakan kunna ta a waya ko a agogon hannu, ita kuma ta bi sawunsa ta tauraron ɗan'adam, ta rubuta nisan da ya yi da saurinsa da tudun da ya hau. Ta yanka hanyoyi gunduwa-gunduwa, duk wanda ya fi kowa sauri a wata gunduwa sai ta naɗa shi sarkin wurin, ta liƙa masa ɗan kambu kusa da sunansa. Zuwa 2022 kamfanin ya ce masu rajista sun haura miliyan 100. Kamfanonin inshora ma ba a bar su a baya ba. Discovery na Afirka ta Kudu ya fito da shirin Vitality tun 1997, inda mai motsa jiki ke tara maki ya sami rangwame, a 2018 kuma John Hancock na Amurka ya ce duk inshorar rai da zai sayar daga lokacin za ta zo da irin wannan tsari. Matasanmu da ke fita da asuba a Abuja da Kaduna da Kano cikin hular kwano da matsattsun kaya sun shiga wannan duniya, don haka maganar ta shafe mu. Ra'ayina shi ne tukwicin manhaja yana iya ɗora mutum a kan keke, amma ba ya riƙe shi a kai, kuma in aka ɗaura tukwicin a kan gudu, to mai hawa don sha'awa cutuwa yake yi.

Adalci ne a fara da hujjar masu goyon bayan tukwicin, domin ba ta banza ba ce. A 2009 masana tattalin arziki biyu, Gary Charness da Uri Gneezy, sun buga sakamakon wani gwaji da suka biya ɗalibai dala 100 don su je ɗakin motsa jiki sau takwas cikin wata guda. Bayan an daina biya, da yawa suka ci gaba da zuwa, kuma waɗanda suka amfana su ne waɗanda da can ba sa zuwa. A 2018 cibiyar RAND ta duba bayanan mutane sama da 400,000 da ke cikin shirin Vitality, ta ce waɗanda suka karɓi agogon Apple da sharaɗin cewa kuɗin da za su biya a wata ya danganta da motsinsu sun ƙara motsa jiki da kashi 34 cikin ɗari. Ke nan ga mutumin da kekensa ya yi ƙura a zaure, ɗan abin da zai zaburar da shi ya yi makonni huɗu na farko alheri ne, ban kuma ga dalilin hana shi ba.

Matsalar tana ga abin da ke biyo baya. Binciken RAND kamfanin da ke sayar da shirin ne ya ɗauki nauyinsa, kuma mutanen su suka zaɓi karɓar agogon da kansu, wato wataƙila tun asali masu niyya ne. Inda aka raba mutane ta hanyar ƙuri'a, labarin ya canza. A Singafo an gwada ma'aikata 800, aka buga sakamakon a 2016. An ba wasu na'urar Fitbit kawai, wasu aka haɗa musu da kuɗi, wasu kuma aka ce za a kai kuɗin ga sadaka da sunansu. Masu karɓar kuɗi sun ƙara motsi a watanni shidan da ake biya, amma da aka rufe famfo sai suka koma gidan jiya, kuma da shekara ta cika kusan kashi 90 cikin ɗari sun ajiye na'urar. A Jami'ar Pittsburgh an bi mutane kimanin 470 masu neman rage ƙiba har shekara biyu. Waɗanda aka ɗaura wa na'ura sun rage kilo 3.5, waɗanda ba a ɗaura wa ba sun rage kilo 5.9. Wani gwajin a Jami'ar Illinois, mai ma'aikata kusan 5,000, ya gano cewa shirin lafiya mai tukwici bai rage kuɗin asibiti ba, kuma masu shiga da son ransu dama sun fi sauran lafiya. Wannan batu na ƙarshe ya fi damuna, domin yana nufin rangwamen yakan tafi aljihun wanda ba ya bukatar a zaburar da shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa renon yaro. Wanda aka saba aikensa da tukwici, ran da babu tukwici ƙafarsa nauyi take yi, ko da kuwa a da yakan ruga don jin daɗin fita kawai. Jordan Etkin ta Jami'ar Duke ta nuna haka a 2016: mutanen da aka sa suna ƙirga takunsu sun fi tafiya, amma sun rage jin daɗin tafiyar, ta zame musu aiki. Idan lambar ta zama ita ce manufa, ha'inci ya samu ƙofa. A 2024 kafafen labarai sun ba da rahoton matasa a Indunusiya da ake biya su yi gudu da asusun Strava na wani, don mai asusun ya nuna wa abokai bajintar da bai yi ba. A 2019 an ƙwace kambun zakaran Birtaniya na farko a tseren keke na kwamfuta, saboda an yi amfani da dabarar na'ura wajen samar masa keken da ya fi gudu a cikin wasan. Kullum kuma ana ƙorafin masu hawa keken lantarki ko masu manta manhaja a kunne cikin mota, su ƙwace kambun waɗanda suka yi gumi.

A keke, lamarin ya wuce ɓacin rai, ya kai ga rai. Mai ƙirga taku in ya zaƙe, ƙafa ce za ta yi ciwo. Mai neman kambun gudu kuwa a kan titin da motoci ke bi yake nemansa. A watan Yunin 2010 wani mahayi ya rasu a wata gangara kusa da birnin Berkeley na Kalifoniya, bayan ya taka birki don kauce wa mota keken ya kife da shi. Iyalinsa sun kai Strava kotu a 2012, suna cewa kambun da aka ƙwace masa yake ƙoƙarin maidowa, kotu ta kori ƙarar a 2013 bisa cewa mahayi ya san haɗarin abin da yake yi. Na yarda hannun mahayi ne a kan birki. Sai dai wanda ya kafa gasa a kan hanyar da ba a rufe ba, ba alƙali, ba mai tsayar da mota, ba motar asibiti, bai kamata ya ce ba ruwansa ba. Wannan fa a titin Amurka ke nan. A auna shi da hanyar Kano zuwa Zariya, inda tirela da tanka ke wucewa, ko cikin gari inda A-daidaita-sahu kan tsaya ba sigina, ga ramuka, ga yashi a gefen kwalta, ga dabbobi. Gunduwar hanyar da manhaja ta mai da filin tsere, ga mai talla da ɗan makaranta hanyar gida ce. Shi kansa kamfanin Strava ya fito da wata lambar yabo a 2020, wadda ake ba wanda ya fi kowa yawan bin hanya cikin kwana 90 ba tare da duba saurinsa ba. Wannan ita ce alƙiblar da ta dace, kuma da ita ya kamata ƙungiyoyin mahaya su yi koyi.

Ko ta fuskar horo, neman kambu kullum kuskure ne. Stephen Seiler, masanin motsa jiki da ke aiki a Norway, ya daɗe yana nazarin yadda ƙwararrun masu dogon zango ke atisaye, ya ga kusan kashi 80 cikin ɗari na atisayensu a hankali suke yi, da saurin da mutum zai iya hira, kashi 20 ne kawai mai tsanani. Mai hawa don sha'awa yakan juya lissafin. Kowace fita tsere ce, domin abokai za su gani, ba ya son a ga saurinsa ya ragu. Daga nan sai gajiyar da ba ta sakin jiki, sai ciwon gwiwa, sai keke ya koma jingine. Jiki a lokacin hutu yake gina ƙarfin da atisaye ya nema, amma babu lambar yabo ga ranar hutu, hasali ma manhajoji da yawa yabon jerin kwanaki ko makonni ba fashi suke yi. Manhajar ba ta san zafin watan Afrilu a Sakkwato ba, ba ta san ƙurar hunturu ba, ba ta san mahayi na azumi ko ya kwana da zazzaɓi ba. Abin da lafiya ke bukata bai kai haka wuya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Binciken Jami'ar Glasgow na 2017, kan mutane sama da 260,000 a Birtaniya, ya ga masu zuwa aiki a keke haɗarin mutuwarsu a shekarun binciken ya yi ƙasa da kashi 41 cikin ɗari in an kwatanta da masu zuwa a mota ko bas. Waɗannan ba 'yan tsere ba ne, ma'aikata ne masu naci. Sannu ba ta hana zuwa. Amfanin agogon bugun zuciya mafi girma ga irin wannan mahayi shi ne ya gaya masa lokacin da zai sassauta.

Wani zai ce ai lambobin nan su ne ke fito da masu baiwa, ya kawo misalin Jay Vine ɗan Ostareliya, wanda ya ci gasar Zwift ta tseren keke na kwamfuta a cikin ɗaki a 2020, ya sami kwantiragi da ƙungiyar ƙwararru, ya kuma ci zango biyu a tseren Vuelta na Sifen a 2022. Gaskiya ne, abin sha'awa ne kuma. Amma irin wannan ƙofa tana bukatar na'ura mai tsada da wutar lantarki da intanet marasa yankewa, kuma mutum ɗaya cikin dubbai ke shiga ta. Ba a tsara rayuwar dubbai a kan sa'ar mutum ɗaya. Akwai kuma farashin da ba a cika faɗa ba. A farkon 2018 wani ɗalibi ya lura cewa taswirar da Strava ta wallafa ta hanyoyin masu amfani da ita ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka a ƙasashen waje. A ƙasar da ake fama da satar mutane da ƙwacen waya, mahayin da ke nuna wa duniya ƙofar da yake fitowa da lokacin da yake fita kowace safiya ya kamata ya rufe asusunsa ga waɗanda bai sani ba.

Kallon tsere, wanda wasu ke raina wa da cewa zaman banza ne gaban talabijin, a ganina ya fi kambun waya koyar da mahayi, in dai an san abin da ake kallo. Tour de France, wanda aka fara a 1903, zango 21 ne cikin mako uku, da ranakun hutu a tsakani. Wanda ya zuba ido zai ga yawancin sa'o'in mahaya a dunƙule suke cikin ayari, domin wanda ya laɓe bayan wani yana tsimin kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Zai ga wasu na komawa baya su ɗebo wa 'yan'uwansu ruwa, wasu na tare wa jagoransu iska har ƙarfinsu ya ƙare, su bar masa nasara. Zai ga ana ci ana sha a kan keke tun kafin yunwa ta kama. Zai kuma ga cewa gangarar nan da suke sauka kamar walƙiya an rufe ta, ga 'yan sanda, ga likita a biye. Illar kallon ita ce ruɗin kaya, mutum ya ɗauka sai keken miliyoyi zai yi hawa. Maganinsa ya dubi inda zakarun nahiyarmu suka fito. Biniam Girmay na Iritiriya ya ci zango uku da koriyar rigar wanda ya fi tara maki a Tour de France na 2024, ya fito daga ƙasar da tseren cikin gari ya zama al'ada tun zamanin mulkin Italiya. Burkina Faso na gudanar da Tour du Faso tun 1987. Kigali ta karɓi gasar duniya ta tseren titi a Satumban 2025, karo na farko a Afirka. Mu kuwa, Ese Ukpeseraye, 'yar Najeriya ta farko da ta yi tseren keke a gasar Olamfik, sai da ta ari keke wajen tawagar Jamus a Paris a 2024 kafin ta shiga tseren cikin fili. Bambancinmu da waɗancan ƙasashe yana ga tseren da yaro zai tsaya bakin hanya ya gani da idonsa, da ƙungiyar da zai shiga washegari.

Idan har za a ba da tukwici, to a ba da shi inda zai daɗe. A Beljiyam da Holan ana biyan ma'aikaci kuɗi ba haraji a kan kowace kilomita da ya yi a keke zuwa aiki, ba a tambayarsa minti nawa ya yi. Birnin Bogota na Kolombiya tun shekarun 1970 yake rufe manyan tituna ga motoci ranar Lahadi, yanzu sun haura kilomita 100, jama'a su fito da kekuna. A Cape Town tun 1978 ake tseren shekara-shekara mai nisan kilomita kusan 109, inda dubban masu sha'awa ke gwada ƙarfinsu a hanyar da aka rufe. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da yawa a garuruwanmu sun koma kan keke don dole, kuma wannan dama ce da bai kamata ta wuce ba. Ina kira ga hukumomin wasanni na jihohi da su haɗa kai da jami'an kiyaye haɗura, su rufe titi ɗaya na 'yan sa'o'i da safiyar Asabar ko sau ɗaya ne a wata, masu son gudu su yi gudunsu a can. Ƙungiyoyin mahaya kuma su daina yaɗa sunan wanda ya fi sauri a titin da jama'a ke bi, su karrama wanda bai yi fashin fita ba a shekara, da wanda ya kawo sabon mahayi ya kuma jira shi a kan tudu.