Kashi 30 na Abuja, Farashin Lita na Potiskum

A watan Yulin 2021 Majalisar Dattawa, ƙarƙashin ɗan jiharmu ta Yobe Ahmad Lawan, ta amince da dokar man fetur ta PIA. Duk wanda ya bi muhawarar ya ga cewa katin jam'iyya bai yi aiki ba. Sanatocin Neja Delta, na APC da na PDP, suka haɗa baki suna neman ƙarin kaso ga garuruwan da ake haƙar mai, aka tsayar musu da kashi 3 cikin ɗari. Namu na Arewa suka dage a ware kashi 30 na ribar NNPC don laluben mai a wurare irin su yankin Tafkin Chadi. Gwamnonin Kudu suka taru a Legas suka yi watsi da duka biyun.

Ban ga laifin ɗan majalisar da ya kare abincin mutanensa ba, ai abin da ya kai shi Abuja ke nan. Damuwata ita ce abincin wa aka kare.

A cikin dokar nan akwai sashen da ya miƙa farashin mai ga kasuwa, kuma bai sha rabin hayaniyar da kashi 30 ya sha ba. Da Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki. Mai Keke Napep ya ji a jikinsa, haka mai injin niƙa da mai walda da ke kwana kan janareta saboda wutar kamfanin rarraba lantarki na Yola ba ta zama, haka makiyayin da ke kawo dabba kasuwar shanu ta Potiskum ranar Laraba. Rijiyar mai ta Kolmani da Buhari ya ƙaddamar a Nuwamban 2022 ba ta rage wa ɗayansu ko kwabo ba.

Masu cewa matsayar 'yan siyasa kan mai aƙida ce, su tuna cewa da yawa daga waɗanda suka la'anci Jonathan kan cire tallafi a Janairun 2012 su ne suka tafa a 2023.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Rana ba ta yi wa Yobe rowa ba. Ina so in ji wakilan Potiskum, a Damaturu da Abuja, sun yi wa wutar sola ta kasuwanni da rijiyoyin burtsatse irin dagewar da aka yi wa kashi 30, da bakinsu, a zauren majalisa.