Gorin Haihuwa Yana Ƙara Wa Mara Lafiya Ciwo

Ya 'yan'uwa, akwai wata larura da ke damun mata da yawa a gidajenmu, wadda likitoci ke kira PCOS. Alamominta su ne rikicewar jinin al'ada, da fitowar gashi a haɓa, da ƙuraje, da ƙiba, da jinkirin samun ciki. Tun a 1935 likitoci biyu a Amurka, Stein da Leventhal, suka yi bayaninta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana samun mace 6 zuwa 13 cikin ɗari na masu shekarun haihuwa, kuma mafi yawansu ba su san sunan abin da ke damunsu ba.

Damuwa ba ita ce asalin wannan ciwo ba, amma tana rura shi. Idan fargaba ta daɗe a zuciya, jiki yakan yawaita sinadarin kotisol, wanda ke ɗaga sukarin jini. Sai insulin ya ƙaru, shi kuwa yana sa ma'ajiyar ƙwan mace ta ƙara fitar da sinadarin maza, sai ƙwai ya kasa nuna a kan lokaci. Haka kuma an samu cewa masu wannan larura suna ɗauke da wani ɓoyayyen kumburi a jiki wanda gwajin jini ke nunawa, kuma rashin barci da tashin hankali suna ƙara shi. Shi ya sa ƙa'idojin duniya na 2023 suka umurci likita ya binciki halin zuciyar duk wadda aka samu da ita.

To, mu dubi matan Tabanni da sauran ƙauyukan Birnin Gwari. Sun shekara da shekaru suna kwana da kunne ɗaya saboda 'yan bindigar daji, har zuwa sulhun da aka ƙulla a ƙarshen 2024. Matar da ta sha wannan, idan ta shiga ɗakinta sai ta tarar da habaicin kishiya da gorin uwar miji, ana kiranta juya. Ina za ta sa ranta?

Ra'ayina shi ne, maganin farko yana hannun miji. Ya kame bakin danginsa, ya daina barazanar saki, ya kai ta asibiti a Birnin Gwari, in ta kama har Barau Dikko a Kaduna ko Shika a Zariya, shi ma a gwada shi. Akwai magunguna irin su letrozole da ke taimaka wa ƙwai ya fito, kuma da yawa sun haihu da yardar Allah. Addu'a da ruƙya ba sa hana zuwa wurin likita, kuma ba kowace rikicewar al'ada ce aikin aljani ba.

Haihuwa kyauta ce daga Allah. Wanda ya goranta wa mace a kanta, ya tuna da Wanda ya yi rabon. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu.