Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Wace Jami'a Ta Dace Da Ɗan Zongon Lome?

Kowace shekara, da zarar sakamakon bak ya fito, gidajen Zongo kan cika da murna. A yi sadaka, a raba goro, gwaggo ta rangaɗa guɗa. Bayan kwana biyu sai murna ta koma shawara: ina za a kai yaron nan? Kawu ya ce Kano, ai can ne asali. Malamin unguwa ya ce Masar ko Madina. Uwa ta yi shiru, alhali zuciyarta na son a bar mata shi kusa. Shi kuwa yaron, hotunan gine-ginen da ya gani a waya su ke ja masa rai. Kowa da garin da yake ambata, amma da wuya ka ji wanda ya tambayi abin da takardar za ta yi wa mai ita ranar da ya dawo.

Ra'ayina a kan wannan batu shi ne a fara shawara daga ƙarshen tafiya. Kafin a ambaci sunan kowace jami'a, a zauna da yaro ko yarinya a amsa tambaya ɗaya: a wace ƙasa kake son zama, kuma wane aiki kake son yi a cikinta? Amsar ita za ta zaɓi jami'a.

Wannan hikima ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu fatake, da suka riƙa bin hanyar Gwanja ta Sansanin Mango har Salaga, ba su ɗaure wa jaki kaya sai madugu ya san kasuwar da za a sauke su, da halin da hanya ke ciki, da mai masaukin da zai karɓi ayari. Ba wanda ke ɗaukar kanwa ya kai inda ba a neman ta don kawai yana son garin. Takardar jami'a ita ma haja ce, tana da kasuwar da take daraja, tana da wadda ba a ko taya ta.

Mu 'yan Zongo kuskure a nan ya fi yi mana tsada. Dattawanmu ba su manta da 1977 ba, shekarar da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar birni aka mai da jama'a nan Togblekope. Ɗan wata ƙabila idan karatu ya ƙi, yana da ƙauye da gonar gado da zai koma. Mu kuwa jarin kasuwa ne gonarmu, kuma daga cikinsa ake yankar kuɗin makaranta. Shekara huɗu a jami'ar da ba ta dace ba, jarin gida ne ya narke, wataƙila har da rabon ƙannen da ke biye.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, Afirka ta Yamma yanki ɗaya ce a idon bafatake, amma a harkar takardu gida biyu ce. Akwai ƙasashen da ke karatu da Faransanci, irin su Togo, Nijar, Benin, Burkina Faso da Senegal. Waɗannan suna ƙarƙashin majalisar CAMES, wadda aka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu, kuma aikinta ya haɗa da tantance takardun jami'o'in ƙasashen. Tsarinsu iri ɗaya ne: lisansi shekara 3, masta shekara 2, sannan dakta. Akwai kuma Nijeriya da Gana masu karatu da Ingilishi, kowace da hukumominta. A Nijeriya ta hannun hukumar JAMB ake shiga jami'a, kuma digirin farko kan ɗauki aƙalla shekara 4. Wanda ya ƙetara daga wannan gida zuwa wancan, sai an daidaita masa takardarsa sau biyu: ranar shiga da ranar dawowa.

Ɗauki karatun shari'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ta yaye manyan lauyoyi da alƙalai. Sai dai dokar da ake koyarwa can tushenta na Ingila ne, tare da shari'ar Musulunci. Kotunan Togo kuwa tsarin Faransa suka gada, kuma a sha'anin kasuwanci da dokokin OHADA suke aiki, waɗanda Togo da Nijar suka sa wa hannu, Nijeriya da Gana ba su ciki. Wanda ke son zama lauya a Lome, ya tafi Zariya saboda suna, zai dawo da ilmi na gaske, amma na wata kotu daban.

Haka abin yake idan an juya. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida. A Janairun 2024 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo. Daga baya, a cikin wannan shekarar, ministan ilminta ya bayyana cewa jami'o'i 3 kacal suka amince da su a Togo: ta Lome, ta Kara, da ta Katolika ta Afirka ta Yamma. Don haka duk mai niyyar wata rana ya koma Kano ko Kaduna da aiki, ya yi hattara da makarantu masu zaman kansu da allunansu suka cika titunan birnin nan. Akwai na ƙwarai a cikinsu, amma a nemi ganin takardar amincewar gwamnati da ta CAMES, a kan fannin da yaro zai karanta, kafin a biya ko dala.

Sai batun karatun Larabci, wanda ya fi kowane taɓa zukatanmu. Na san wani matashi a unguwar nan, haziƙi ne tun yana allo. Ya yi shekara shida a wata jami'a ta ƙasar Larabawa, ya dawo aka tarbe shi da walima. Da aka buɗe jarrabawar ɗaukar ma'aikata sai ya tarar Faransancinsa bai kai ya rubuta ta ba, takardarsa kuma ba a daidaita ta ba. Yau yana sayar da kayan waya a Dekon, da yamma ya koyar da yara. Sana'a ba abin kunya ba ce, ilminsa kuma bai faɗi ƙasa banza ba. Amma ba don haka mahaifiyarsa ta sayar da gwala-gwalanta ba. Wanda ya zaɓi ilmin addini ya zaɓi abu mai girma, sai dai a gaya masa gaskiya tun farko, ya riƙe Faransancinsa, ya haɗa da wani fanni ko sana'a. Kuma ba dole sai an haye teku ba: Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, wadda ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta kafa, tana aiki tun 1986.

Abu na biyu, a duba hanya. A 2022 malaman jami'o'in gwamnatin Nijeriya sun yi yajin aiki na wata 8, ɗalibai na zaune a gida. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, ɗaliban Afirka ta Yamma suka fito da kyar, wasu ko takardunsu ba su ɗauko ba. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin wannan shekarar aka rufe iyakar Malanbil da Gaya, tafiya Yamai ta zama aiki. Ba wanda ya san gaibu, amma mai hankali kan tambayi ɗaliban da ke can: shekarar karatu tana ƙarewa a kan lokaci? Idan wani abu ya faru, kwana nawa ne zuwa gida?

Na uku, mai masauki. Yaro ɗan shekara 18 da bai taɓa kwana a wajen gida ba, kada a jefa shi garin da ba wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa idan ya kwana biyu bai fito ba. A nan muna da abin da wasu ba su da shi, domin da wuya ka sami babban gari tsakanin Dakar da Kano da babu zango ko dangi a cikinsa. A yi amfani da wannan zumunci, amma a yi magana a fili kan ci da sha da kuɗin ɗaki, kada ɗalibi ya koma yaron shago.

Saboda waɗannan dalilai nake ganin mun raina abin da ke bakin ƙofarmu. Jami'ar Lome, wadda aka kafa a 1970 da sunan Jami'ar Benin, ta koma sunanta na yanzu a 2001, tana kan titin da muke bi kullum daga Agoe zuwa cikin gari. Ta Kara, wadda ta fara karɓar ɗalibai a 2004, tana arewa da mu da kilomita 400 da wani abu. Gaskiya ne azuzuwa a cike suke, wanda bai yi sammako ba a tsaye zai ɗauki darasi. Amma takardarsu ita ce wadda ma'aikatun ƙasar nan suka sani, abokan aji kuma su ne gobe za a tarar a ofisoshi. Ga iyayen da ke fargabar tura 'ya mace nesa, wannan ya rufe bakin uzuri: za ta yi karatu, ta kwana a ɗakin uwarta.

Wani zai ce, to yaushe yaranmu za su san asalinsu? Wannan damuwa ce ta gaskiya, domin duk muna jin yadda Hausar 'ya'yanmu ke cakuɗewa da Faransanci da Mina. Kuma ga mai son nazarin harshen Hausa, adabinta ko tarihinta, babu kamar Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Zariya. Shawarata ita ce a yi lisansi a gida, a inganta Ingilishi, sannan a tafi masta can ko Legon ta Gana da ƙafa biyu. Birnin da ke da mazaunin Ecobank, da bankin BOAD, da bankin raya ƙasashen CEDEAO, da babbar tashar jiragen ruwa, yana neman mai Faransanci da Ingilishi. Wanda ya ƙara da Hausa, ya riƙe harshen kasuwa tun daga bakin teku har Agadas. Akwai kuma fannonin da makarantun haɗin gwiwar ƙasashe suka fi dacewa da su: likitancin dabbobi a Dakar ga ɗan mai fataucin shanu, aikin ruwa a Wagadugu, zanen gine-gine a EAMAU da ke nan Lome.

Kalma ta ƙarshe ga iyaye: ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da sunan da ya zo iri ɗaya a kowace takarda, a gyara su tun yaro yana aji biyu kafin bak. Mun san yadda Muhammadu kan zama Mohamed a wata takarda, Mamadou a wata, kuma mun san wahalar da hakan kan jawo a gaban teburin rajista. 'Yan uwa da suka riga suka yi jami'a, ku ware yini ɗaya bayan fitowar sakamako, ku zauna da ƙannenku a zaure ku gaya musu abin da kuka gani, daɗinsa da ɗacinsa.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu zaɓi na alheri, Ya sa abin da za su karanto ya amfane su, ya amfani Zongo.