Kwamfuta a Ƙaramar Sakandare: Ado ko Kayan Aiki?

Ina so in yi amfani da wannan fili da mujallarmu ta ba ni in faɗi ra'ayina a kan wata magana da ta shafi ƙannenmu na ƙaramar sakandare, watau 'yan aji ɗaya zuwa aji uku. Maganar kuwa ita ce ta kwamfuta da wayar hannu, da yadda ya kamata a yi aiki da su a cikin aji. Ra'ayina a taƙaice shi ne, na'ura ba ta koya wa yaro kome sai an ɗora masa wani aiki nasa na kansa wanda zai yi da ita.

Ba wanda zai yi gardama cewa zamani ya riga ya zo da abinsa. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina ba da takarda da fensir, duk mai neman shiga jami'a tilas ya zauna gaban kwamfuta ya amsa tambayoyi. Yaron da bai taɓa sa hannunsa a kan na'urar ba sai ranar jarrabawa, ko da ya fi kowa karatu, tsoro kaɗai ya isa ya kayar da shi. Haka kuma a shekarar 2020, da cutar korona ta sa aka rufe makarantu wata da watanni, 'ya'yan masu hali sun ci gaba da darasi ta intanet, mu kuwa da yawanmu muka zauna gida sai abin da muka tsinta a rediyo. Saboda haka batun ko a koya wa yara kwamfuta ko kada a koya musu ya wuce. Abin da ya rage shi ne a san ta wace hanya.

A nan ne nake ganin ya kamata mu waiwayi baya. Lokacin da aka fara tsarin ilmi na 6-3-3-4 a ƙasar nan a shekarar 1982, an yi niyyar kowane ɗan ƙaramar sakandare ya koyi sana'ar hannu, kamar kafinta da ƙira da aikin lantarki. Gwamnati ta sayo injuna daga ƙasashen waje ta rarraba. Amma iyayenmu da malamanmu da suka yi karatu a lokacin suna ba da labari cewa a makarantu da yawa injunan nan sun tsufa a cikin akwatunansu, don babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya sarrafa su. Yara suka riƙa zana zarto a littafi alhali ga zarto can a kulle a sito. To, yau ma abin da ke faruwa da kwamfuta ke nan a wurare da dama. Za ka ga ɗaki mai kyau an jera na'urori an lulluɓe su da ƙyalle, ba a buɗewa sai ranar da manyan baƙi suka zo, yara kuwa suna can aji suna haddace sunayen sassan kwamfuta daga allo.

Kada a ɗauka kuma raba wa yara na'urar shi ne maganin abin. Ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka ta raba wa 'yan firamare dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci. Da masana suka bincika makarantu 319 na ƙauyuka bayan wata 15, rahoton da ya fito a 2012 ya nuna cewa yaran sun iya taɓa na'urar ƙwarai, amma lissafinsu da karatunsu ba su ƙaru ba. An ba su fartanya, ba a nuna musu gona ba.

Yanzu ku dubi wani misali na gida. A shekarar 2018 wasu 'yan mata biyar 'yan sakandare daga Onitsha ta Jihar Anambra sun ci lambar zinariya a rukunin ƙanana na gasar Technovation da aka yi a Amurka. Abin da suka yi shi ne, sun lura jabun magunguna suna kashe mutane, sai suka haɗa manhajar waya ta gane maganin jabu. Damuwar da suka gani da idonsu ita ta tura su koyon na'ura, ba wai sun koyi na'ura ba ne sannan suka shiga neman abin yi da ita.

Irin wannan nake so a gwada wa ƙannenmu, ko da ba mai girma haka ba. A raba aji ƙungiya-ƙungiya, yara biyar ko shida, kowace ƙungiya ta zaɓi abin da za ta bincika a cikin zango ɗaya. Wasu su riƙa zuwa kasuwa kowane mako suna rubuta farashin tiyar gero da masara da wake, su shigar da shi a kwamfuta, su zana yadda yake hawa da sauka daga bazara zuwa kaka. Wannan lissafi ne tsantsa, kuma yaron da ya yi shi ba zai sake tambayar amfanin kaso cikin ɗari ba. Wasu su kafa gwangwani a filin makaranta su auna ruwan sama na damina ɗaya. Wasu su ɗauki waya su je wurin dattawan unguwa, marina da maƙera da masaƙa, su naɗi muryarsu suna bayanin sana'arsu, su dawo su rubuta da Hausa mai kyau, da ƙ da ɗ da ɓ a inda suka dace. A ƙarshen zango kowace ƙungiya ta tsaya gaban aji ta bayyana abin da ta samo, a yi mata tambayoyi ta amsa.

Na san akwai masu cewa ba mu da kuɗi, ba mu da wuta. Gaskiya ne. Amma ayyukan da na lissafa ba sa bukatar na'ura ɗaya ga kowane yaro. Waya ɗaya ko kwamfuta ɗaya ta ishi ƙungiya guda, tunda yawancin aikin da ƙafa da biro ake yin sa. Ƙaramin faifan sola kuwa ya isa ya yi cajin waya. Da babu gara ba daɗi.

Akwai kuma iyayen da ke tsoron waya za ta lalata tarbiyyar yara, su bar karatu su koma kallon bidiyo. Ban raina wannan tsoro ba. Ƙasar Faransa ma, duk da arzikinta, ta hana ɗalibai amfani da wayoyinsu a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018. Shi ya sa nake cewa na'urar ta zama ta makaranta, tana hannun malami, a fito da ita lokacin aiki, a mayar in an gama. Yaron da ke da tambayar da yake neman amsarta ba shi da lokacin shiririta. Mai zaman banza shi ne waya ke ja.

Wasu kuma za su ce yara za su kwafo amsa daga intanet su kawo. To, ai nan ne amfanin aikin da ya shafi garinmu. Farashin gero a kasuwarmu ran Juma'ar da ta wuce ba ya cikin intanet, haka ma labarin tsohon marinin unguwarmu. Dole yaro ya taka ya je ya gani, gani kuwa ya kori ji.

Wannan tsari ba ya rage darajar malami ko kaɗan. Hasali ma aikinsa ƙaruwa yake yi, domin shi zai duba ko abin da yara suka zaɓa sun iya shi, shi zai hana mai ƙarfi danne raunana, ya tabbata 'yan mata ma sun riƙe na'urar ba su tsaya kallo ba, shi kuma zai gyara kuskure. Don haka kafin a sayo na'ura ta gaba, a fara horar da malamin da zai jagoranci aikin.

Daga ƙarshe ina roƙon hukumar makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su ware wa 'yan ƙananan azuzuwa darasi biyu a mako don irin wannan aiki, a gwada na zango ɗaya a ga sakamako. Mu kuma manyan ɗalibai da muka ɗan iya, kowa ya ɗauki ƙungiya ɗaya ya taimaka mata, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan muka bari sai sun zo aji shida, mun makara.