Fayawol Biyu a Kwamfuta Ɗaya: Raddi ga Mai Fatawar Kwaɗo Uku

Wata fatawa ta yaɗu tsakanin matasan da ke koyon kwamfuta a Kankiya, har ta tsallaka Kusada, kuma an ce daga bakin wani mai koyarwa ta fito. Wai fayawol ta Windows, wato manhajar da ke tace abin da zai shiga kwamfuta ta intanet da abin da zai fita, ba ta isa ba. A ƙara mata ZoneAlarm ko Comodo, in da hali a ɗora ta uku, don shagon da aka sa wa kwaɗo uku ya fi mai kwaɗo ɗaya wuyar fasawa. Ya ce bankuna ma haka suke yi, ya ce ta Windows ta jeka-na-yi-ka ce, ya ce kuma ai kyauta ne, ba a asarar komai. Zan yi ƙoƙarin yi wa Malam adalci, duk da maganar ba ta bar wurin adalcin da yawa ba.

Kan kwaɗon nan ya ɗora komai, to mu tsaya a kansa. Kwaɗo ba ya yanke hukunci. Ko dai a kulle yake ko a buɗe, kuma na biyu bai san da zaman na farko ba. Ita kuwa fayawol aikinta ke nan, hukunci. Duk ɗan ƙunshin bayanin da ya taso sai ta duba daga ina yake, ina za shi, ta wace kafa, wace manhaja ce ta kira shi, sannan ta ce ya wuce ko ya tsaya. In ka sa biyu, ba a jere suke tsayawa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Malam ke zato ba. A wuri guda suke zama, can cikin ƙashin bayan Windows inda bayanan intanet ke ratsawa. Tun fitowar Vista a 2007 Microsoft ta gina wani tsari mai suna Windows Filtering Platform, kuma ta cikinsa galibin waɗannan manhajoji ke aiki, haɗe da tata. Dokokinsu a ma'auni ɗaya ake auna su, kuma a yawancin hali idan ɗaya ta ce a bari, ɗaya ta ce a hana, hanin ne ke rinjaye.

Malam zai ce to ai shi ke nan, tsaro ya ƙaru. Bai ƙaru ba. Guda ɗaya da aka saita daidai ta riga ta rufe duk kafar shigowar da ba a buɗe da gangan ba. Abin da aka riga aka rufe, me ta biyu za ta ƙara rufewa? Ribar da ta rage ita ce rikici. Yaro na zaune zai buga takardar JAMB, shafin ya ƙi buɗewa, furinta ta ɓace daga kwamfutar, ya buɗe hanya a manhaja ta farko, abu ya ƙi, bai san ta biyu ce ta riƙe ba. Ga akwatunan tambaya suna ta faɗowa da Turanci, a bari ko a hana, kan sunayen fayilolin da ko mai gyara sai ya yi tunani. Kowa ya san ƙarshen wannan: ko dai ya riƙa danna "a bari" ido rufe, ko ya kashe su duka biyun don aiki ya tafi, ya manta bai sake kunnawa ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin dariyar ma, yawancin waɗannan manhajoji da kansu suke karɓe aikin ta Windows ko su kashe ta yayin da ake saka su. Waɗanda suka ƙera su sun san biyu ba sa zama lafiya. Malam ne kaɗai bai samu labari ba.

Kuma kada a ɗauka manhajar tsaro ba ta cutarwa. Duk abin da aka ba izinin zama a zuciyar Windows, kuskurensa kuskuren kwamfutar ne gaba ɗaya. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wani sabuntawa mai matsala daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro. Ba fayawol ta gida ba ce, na sani, amma a irin wannan zurfin take zama. Manhaja ɗaya ce ta yi wannan aika-aika, shi kuma yana kiran a tara uku.

Batun bankuna kuwa, ya ji magana ne bai ji ƙarshenta ba. Banki na da na'ura daban a bakin hanyar sadarwarsa, sannan kowace kwamfuta da tata fayawol guda. Matakai ne mabambanta, ba cunkoso a wuri ɗaya ba. Mai amfani da MiFi ko wayarsa wajen raba intanet na MTN ko Airtel ya riga ya samu kwatankwacin haka, domin saƙon da ba a nema ba daga waje da wuya ya iso kwamfutarsa kai tsaye.

Cewa ta Windows ba ta da ƙarfi tsohon labari ne. Gaskiya a 2003, lokacin da tsutsar Blaster ta yi ɓarna, a kashe take zuwa. Tun Service Pack 2 na XP a 2004 a kunne take. Ita kuma tsutsar WannaCry da ta rikita asibitocin Ingila a Mayun 2017 ta bi ta wata ɓaraka ce da Microsoft ta riga ta toshe tun Maris. Waɗanda ba su sabunta ba su ta ci.

Kyauta? Kwamfutar gwanjo mai RAM 4GB da aka sayo a Kano, batirinta ba ya kai awa guda in an ɗauke wuta, fanka na ihu kamar za ta tashi. A ɗora mata manhajoji uku kowacce na jan data tana sabunta kanta, bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a Janairun 2025. Wannan ce kyautar?

Abin da ke cin kwamfutocinmu ma ba ta nan yake shigowa ba. Filasha ce da ta zaga shagunan buga takardu ta dawo duk fayiloli sun zama shotkot, da Office na sata da ke cewa ka kashe antibayiros kafin ka saka shi, da Windows 7 da aka daina tallafa wa tun 14 ga Janairu, 2020. Fayawol goma ba za su tare filasha ba.

Ɗalibin da ya riga ya bi fatawar ya cire ƙarin, ya sake kunna kwamfutar, ya shiga Windows Security ya tabbatar ta Windows tana aiki, sannan ya sabunta. Malam kuma ya janye maganarsa a gaban ajin da ya faɗe ta.