Gasar Ƙere-ƙere: Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

A wannan makon za mu tattauna ne a kan gasar ƙere-ƙere da ake yi tsakanin makarantu, irin su gasar JETS ta matasan injiniyoyi da masu fasaha da masana kimiyya, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ke shiryawa. Amma bari in fara ba ku labarin wata kunya da na taɓa sha.

Ina aji ɗaya na babbar sakandare aka zaɓe mu, mu huɗu, mu wakilci makarantarmu a wata gasa. Muka haɗa kuɗi, muka kai wa wani mai wayarin a unguwarmu, ya haɗa mana ɗan ƙaramin gida na kwali mai fitilu da farantin sola. Abin ya yi kyau ƙwarai, har ɗaliban wasu makarantu suna zuwa kallo. Da alƙalan gasa suka iso teburinmu, sai ɗaya daga cikinsu ya nuna batirin ya ce, "Idan rana ta faɗi, awa nawa wannan zai riƙe fitilar?" Muka yi tsit, kowa na kallon ɗan uwansa. Ya yi murmushi, ya rubuta abin da zai rubuta, ya wuce. A ranar na gane ma'anar karin maganar nan da ke cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Abin haushin shi ne amsar ba ta fi ƙarfin ɗan aji ɗaya ba. Batirin mai volt 12 ne da amfiya 7 a awa. Idan ka ninka 12 da 7 za ka samu 84. Kwan fitilar kuma wat 5 yake ci. Raba 84 da 5, ka ga kusan awa 17 ke nan a lissafi, kodayake a zahiri ba zai kai haka ba, domin ba a zuƙe batir gaba ɗaya. Lissafin minti biyu ne, amma da yake ba hannunmu ne ya yi aikin ba, tambayar ba ta taɓa zuwa mana a rai ba.

Da shekara ta zagayo muka sake shiga. A wannan karon mun duba matsalar da muke gani kullum: tankin ruwan makaranta yana cika ya yi ta zuba, injin kuma yana ta cin mai. Muka samo robar lemo, da waya, da ƙararrawar ƙofa, muka haɗa abin da zai yi ƙara da zarar ruwa ya kai bakin tanki. Sau uku yana ƙin aiki. Duk gwajin da muka yi muna rubuta shi a littafi, har da ranar da ruwa ya shiga wayar ya lalata mana komai. Abin ba shi da kyan gani ko kaɗan, kuma ba mu zo na ɗaya ba. Amma duk tambayar da alƙalai suka yi mun amsa ta, sun kuma fi daɗewa a kan littafin fiye da na'urar. Wannan aikin ne ya sa na cike injiniyan lantarki a fom ɗin JAMB.

Me ya sa nake damun ku da wannan magana? Domin mu a Kano ba sai mun je nesa neman dalili ba. Duk wanda ya bi ta Sharada ko Challawa ko Bompai ya ga masana'antu: na roba, na abinci, na saƙa, da majemun fata. Ya kuma ga waɗanda aka rufe, ciyawa ta cinye harabarsu, kuma ƙarancin wutar lantarki na cikin manyan dalilai. Mazauna kusa da Challawa sun san matsalar gurɓataccen ruwan da ke fitowa daga majemu. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan aikin injiniya ce: mai lantarki, mai injina, mai sinadarai, mai ruwa da muhalli. A 2019 aka buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, a 2023 kuma aka buɗe wata mai megawat 10 a yankin Challawa. Ga bututun iskar gas na AKK da zai taso daga Ajaokuta zuwa Kano, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi. Su wa za su kula da waɗannan nan da shekara 10 in ba ku ba?

Kada wani ya ce rashin kayan aiki ne ya hana shi. A 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Fiziks a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da na babur. A ƙasar Malawi, William Kamkwamba yana ɗan shekara 14 ya haɗa injin da ke samar da lantarki da iska, da ɓangarorin keke da tarkacen bola, bayan ya ga hotonsa a littafin laburare. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ya bi.

Saboda haka, idan za ku shiga gasa bana, ku zaɓi matsalar da kuka gani da idonku, a gida ko makaranta ko unguwa. Ku nemi shawarar malami da mai walda da makanike, amma hannunku ya yi aikin. Ku auna komai, ku rubuta, har da abin da ya lalace. Kowa a cikinku ya iya bayani, ba mutum ɗaya kawai ba. 'Yan mata kuma, kada a bar ku da riƙe allon bayani. Ku karɓi abin auna wuta da kanku.

Sannan ku tuna, kofi ba ya ba da gurbin jami'a. Mai son karatun injiniya yana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, kuma su huɗun nan ne zai rubuta a JAMB. Karatun shekara biyar ne, ko a Bayero, ko a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko a ABU Zariya.

Aikin gida na wannan makon: ku duba bayan caja ko fanka ko dutsen guga a gidanku, ku karanta wat nawa yake ci, ku lissafa abin da zai ci a awa 5. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.