Duwatsun Jos da Kwanon Gwate: Fagen da Manazarta Hausa Suka Bari

Da zarar an ambaci Jos a taron masana, abin da yakan fara zuwa a rai shi ne rikicin 2001 da na 2008. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kansu, kuma sun cancanta. Sai dai ina ganin mu manazarta Hausa mun ƙyale wata fuskar garin, wadda take a wuraren shan iska da cikin kwanon abinci, alhali a can ne Hausa take gudanar da aikinta na yau da kullum tsakanin al'ummomi mabambanta.

Jos na zaune ne a kan tsauni mai tsayin kimanin mita 1,200, shi ya sa iskarta ke da sanyi, ganyaye kuma ba su yanke mata. A ranakun hutu jama'a kan hau duwatsun Shere, wasu su nufi gandun namun daji, wasu kuma su zauna a bakin tafkunan Rayfield da haƙar kuza ta bari. A waɗannan wurare Birom da Angas da Bafulatani da Bahaushe kan gaisa, su yi ciniki, su yi barkwanci, galibi da Hausa. Wannan Hausar tana da kamanninta, kuma sunayen unguwanni ma shaida ne. Ana cewa Farin Gada da Angwan Rogo, inda Bakano zai ce Farar Gada da Unguwar Rogo. Raunin bambancin jinsi ke nan a rubuce a allon hanya, yana jiran mai nazari.

Abinci ma haka yake. Gwaten da ake yi da acca da yakuwa da gauta abincin mutanen tsaunin ne, amma da sunan Hausa ya shahara a gari. Dankalin Turawan da ake kawowa daga Bokkos da Mangu, da kabeji da karas da ke cika kasuwar Farin Gada, duk sun zo da kalmomin awo da na ciniki. Mai masa da mai tsire kuwa sun kai nasu kalmomin gidajen da Hausa ba harshen uwa ba ce. Wa ya ari wa, kuma ta wace hanya? Amsar tana bakin mata masu dafawa da 'yan kasuwa.

Wani zai ce wannan yawon buɗe ido ne kawai, ko kuma Hausar Jos gurɓatacciya ce. Ban yarda ba. Harshen da miliyoyin mutane suka ɗauka domin su fahimci juna ba ya rasa daraja don ya sauya kama. Hasali ma, gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952 yana maƙwabtaka da kwaikwayon ganuwar Kano da na masallacin Juma'ar Zariya, alamar cewa an daɗe da ganin Jos a matsayin mahaɗa.

Lokaci kuma ba ya jira. Rikici ya raba unguwanni bisa addini, wuraren da ake cuɗanya sun ragu. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibai su hau dutsen, su zauna a rumfar mai gwate, su naɗi maganar mutane da izininsu, tun tsofaffin da suka san garin kafin rabuwar suna raye.